Yadda ake shirya wa yaro aikin daidaita saƙonnin jiki a gida

Akwai yaron da in maƙwabta suka kunna injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa ya ruga ƙuryar ɗaki. Akwai yarinyar da ranar kitso sai mutum biyu sun danne ta. Akwai kuma wanda ba ya zama wuri ɗaya: ya hau katanga, ya diro daga kan gado, ya tauna wuyan rigarsa har ta huje, ya faɗi ya fasa gwiwa ko kuka bai yi ba. A gida akan ce ƙiriniya ce ko sangarta, wani lokaci a ce iska. Na daɗe ina aiki da irin waɗannan yara a fannin jinyar da ke koya wa mutum ayyukan yau da kullum, wadda ma'aikatan asibiti ke kira okufeshonal terafi. Da yawansu matsalar tana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon da jiki ya aiko mata, ta tace shi, ta haɗa shi da sauran. An fi ganin haka ga yara masu lalurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, har ma tun 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, ya saka shi cikin alamominta. Amma akan same shi ga wasu yaran ma.

Da uwa nake magana, domin galibi ita ke kawo mana yaron, amma uba da malamar aji ma bayanin nasu ne.

Kayan da za ki tanada

Littafin rubutu, biro da agogo. Waɗannan ukun sun fi duk sauran muhimmanci.
Katifa, tabarma da matasan kai uku ko huɗu.
Zani mai ƙwari ko bargo marar nauyi.
Tsohuwar taya da igiya mai kauri, idan akwai reshe ko ƙarfen da zai ɗauki nauyin babban mutum.
Ƙaramar jarka, bokiti, baro, ƙaramin turmi da taɓarya.
Robobi uku: ɗaya da busasshen gero ko shinkafa, ɗaya da rairayi mai tsabta, ɗaya da kwaɓaɓɓiyar fulawa ko yumɓu.
Abin tauna da na zuƙa: rake, karas, kilishi, da tsinken shan lemo.
Babban kwali, irin na firji, wanda yaro zai shiga ya zauna.

Abin da ya kamata ki sani kafin ki fara

Bayan gani, ji, shaƙa, ɗanɗano da taɓawa, jiki yana da wasu hanyoyi uku na aika saƙo. Na farko ma'aunin da ke can cikin kunne, inda akwai wasu lanƙwasassun bututu uku masu ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa kai ya juya ko ya karkata. Na biyu jin gaɓoɓi, wanda ke fitowa daga tsoka da mahaɗar ƙashi. Shi ya sa ko an ɗauke wuta lomarki ba ta kuskure baki. Na uku jin cikin jiki, kamar yunwa, ƙishirwa da matsuwar fitsari. Yawancin aikinmu yana kan taɓawa, ma'aunin kunne da jin gaɓoɓi.

Mataki na 1: Fara da likita

A duba kunne, ido da haƙori, a tambaya game da farfaɗiya da taurin bayan gida. Na taɓa karɓar yaron da ke buga kansa da bango, iyaye sun tabbata neman motsi yake yi, ashe kunne ne ke masa ciwo ba shi da bakin faɗa. Idan yaro yana da farfaɗiya, ko an saka masa bututun janye ruwa daga kai, ko yana da lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita take jawo jinkirin girma da koyo, kada ki ɗora shi a lilo ko ki sa shi alkafura sai likita ya yarda. Wasu masu lalurar Down ƙasusuwan saman wuyansu ba su da ƙarfin riƙo.

Mataki na 2: Mako guda na kallo da rubutu

Kada ki canza komai a wannan makon. Raba shafi gida huɗu: lokaci, abin da ya faru kafin, abin da yaron ya yi, abin da ya kwantar da shi. Rubuta abin da idonki ya gani. "Ya yi rigima" ba ya taimaka mana. "Ƙarfe 7 na safe, na zuba masa ruwa a ka, ya ƙanƙame jiki ya yi ihu na minti goma, ya yi shiru da na naɗe shi da tawul na matse" shi ne bayanin da ake aiki da shi. Rubuta har lokutan da yake cikin natsuwa, domin a nan za ki gano abin da jikinsa ke so.

Nan ne mafi yawan iyaye ke gajen haƙuri, su tsallake zuwa sayen kaya. Wanda bai rubuta yadda aka fara ba, bayan wata biyu ba zai iya cewa an ci gaba ko ba a ci ba.

Mataki na 3: Gane tsarin yaronki

A 1997 wata masaniya a Amurka, Winnie Dunn, ta raba yadda mutane ke amsa saƙonnin jiki gida huɗu, kuma na ga rabon yana da sauƙin riƙewa ga iyaye. Tambaya biyu ce. Saƙo kaɗan ke isar yaron, ko sai mai yawa? Sannan yana ɗaukar mataki a kai, ko yana barin abin ya same shi?

Mai nema: sai saƙo mai yawa yake ji, kuma yana fita farautarsa. Shi ne mai tsalle, tauna da taɓe-taɓe.
Mai jinkirin lura: shi ma sai mai yawa, amma ba ya nema. A kira sunansa sau uku bai waiga ba, abinci a gefen baki bai sani ba, ana ce masa mai kasala.
Mai saurin ji: kaɗan ya ishe shi, komai yana ɗauke masa hankali, ga yawan ƙorafi da kuka.
Mai gudu: kaɗan ya ishe shi, kuma yana kare kansa da ɓuya, ƙin sabon abinci da nacewa a kan tsari ɗaya.

Yaro ɗaya yana iya zama mai gudun ƙara amma mai neman motsi. Don haka ki duba kowace hanya daban, kada ki liƙa masa suna ɗaya.

Mataki na 4: Zaɓi buri ɗaya

Burin ya zama aikin rayuwa da za a iya ƙirgawa. Misali, ya zauna a tabarma ya ci abinci na minti goma ba tare da ya tashi fiye da sau ɗaya ba. Ko ta yarda a yi mata kitso guda huɗu ba tare da an riƙe ta ba. Zaɓi wanda ya fi hana gidan sukuni, ki bar sauran tukuna.

Mataki na 5: San hanyoyin da ake bi, ki zaɓi taki

Ana yawan cakuɗa su da suna ɗaya, alhali sun bambanta.

Hanyar Ayres ita ce uwa. Jean Ayres, wadda ta rayu daga 1920 zuwa 1988, ta koyar a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma littafinta na 1972 ne ya kafa fannin. Aiki ne na ƙwararre da yaro ɗaya, a ɗaki mai lilo iri-iri da aka rataya a rufi, da katifu da abin hawa. Yaron ne ke zaɓar wasa, ƙwararren yana ta gyara wahalar wasan ta zo daidai ƙarfinsa, ba ta yi sauƙin da zai gundure shi ba, ba ta kuma fi ƙarfinsa ba. Manufar ita ce yaron da kansa ya yi sabon motsi mai ma'ana, kamar ya jefa ƙwallo cikin bokiti yana kan lilo. Wannan ba a yin ta a gida ba tare da horo ba, amma ƙa'idarta ta barin yaro ya ja gaba tana shiga duk abin da zan faɗa a ƙasa. A Najeriya, duk wanda ya ce miki shi ƙwararre ne a fannin, ki tambaye shi rajistarsa da hukumar MRTB, wadda ke yi wa masu wannan jinya rajista.

Hanya ta biyu ita ce gyara muhalli da tsarin aiki, wadda ta fi kusa da tunanin Dunn. Maimakon a nemi canza yaron, sai a canza wanka, tufafi, aji ko lokacin cin abinci su dace da shi.

Ta uku jadawalin yini, wanda Patricia Wilbarger ta kwatanta da abinci: kamar yadda ciki ke son ci a kan lokaci, haka jiki ke son rabonsa na motsi da matsi a rarrabe cikin yini.

Ta huɗu ta yaran da suka fara wayo ce, wadda Mary Sue Williams da Sherry Shellenberger suka tsara. Ana koya wa yaro ya ɗauki jikinsa kamar injin mota, ya gane yaushe yake gudu da yawa, yaushe ya mutu, yaushe yake daidai, sannan ya zaɓi abin da zai daidaita shi.

Akwai kuma ɗakin Snoezelen da aka fara a Holan a shekarun 1970, mai fitilu masu laushi, ƙamshi da sauti. Wurin hutawa ne mai daɗi, amma ban ɗauke shi a matsayin abin da zai koya wa yaro sa riga ba.

A gida shawarata ki fara da ta biyu, ki ɗora ta uku a kai. Su suka fi arha, haɗarinsu kuma ya fi ƙanƙanta.

Mataki na 6: Gyara muhalli

Koma ga littafinki, ki cire abin da za a iya cirewa. Yanke takardar da ke wuyan riga, ki wanke sabon kaya kafin ya sa, ki jinkirta sa masa shadda mai sitati sai jikinsa ya saba. Idan zuba ruwa a ka ne matsalar, sa ruwa mai ɗumi, ba shi kofin ya zuba da kansa, a fara daga ƙafa. Sanar da shi kafin a tayar da janareta, in da hali ma ya ga lokacin da ake ja, domin ƙarar da yaro ya san tana zuwa ba ta firgita shi kamar ta bazata. Wanzami ko mai aski ya zo gida da almakashi maimakon a kai yaron shago mai kiɗa da injin aski. A makaranta ki roƙi a sa shi farkon layi ko ƙarshe, inda ba a gogar jikinsa.

Kwalin nan ki ajiye shi a inuwa, ki sa matashi a ciki. Wurin fakewa ne da zai shiga in duniya ta yi masa yawa. Kada ki taɓa tura shi ciki don horo, ranar da kika yi haka kwalin ya tashi daga aiki. Abin toshe kunne kuma na lokacin biki ne ko kasuwa, ba na yini duka ba.

Mataki na 7: Aikin ƙarfi

Idan abu ɗaya za ki ɗauka daga wannan bayani, ki ɗauki wannan. Turawa, ja, ɗauka, daka da tauna suna ciyar da jin gaɓoɓi, kuma a abin da na gani su ne ke kwantar da mai rawar kai, su kuma farkar da mai sanyin jiki, ba kasafai suke rikita yaro ba. Gidajenmu cike suke da su. Ya tura baro daga zaure zuwa madafa. Ya ɗauko jarka ya zuba wa shuka ruwa. Ta daka gyaɗa a ƙaramin turmi, ta matse wanki, ta murza kwaɓin fulawa. Ku yi ja-in-ja da zani, ko ya yi tafiya da hannuwa kina riƙe da cinyoyinsa.

Nauyin da zai ɗauka kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka yaro mai kilo 20 lita 2 ta ishe shi. Minti biyar zuwa goma, kafin aikin da kika sa a buri, ba bayan rigima ta ɓarke ba.

Mai tauna riga ki ba shi madadi: rake, karas, kilishi, ko kunu mai kauri ta tsinken zuƙa. Yaron da bai kai shekara huɗu ba, ko mai matsalar haɗiya, kada a ba shi abu mai tauri ko mai ƙwaya, kuma kowane yaro ya ci a zaune kina wurin.

Ga matsi kuma. Uwar da ta taɓa goyo ta riga ta san shi: zani a ɗaure, tafiya a hankali, jariri ya yi barci. Yaron da ya wuce goyo ki rungume shi da ƙarfi daidai, ko ya kwanta rub da ciki a katifa ki danna masa matashi a baya da ƙafafu kina ƙirga goma. Fuska da kai a buɗe, kuma da ya ce ya isa, ya isa.

Mataki na 8: Lilo

Wannan ya fi kowanne ƙarfi, shi ya sa ya fi buƙatar hattara. Gwada igiyar da nauyinki tukuna, tayar ta yi ƙasa yadda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa, katifa a ƙarƙashi. Kaiwa da komowa a hankali, kai ɗaya, yana kwantarwa. Juyi da fizga suna tayarwa. Fara da minti biyu ko uku, ki tsaya ki dubi fuskarsa. Hamma, zufa, tashin zuciya, jiri, dariyar da ta wuce kima ko shiru kwatsam, duk alamu ne na a sauka. Sauke shi ki ba shi aikin ƙarfi. Tasirin lilo yakan biyo baya bayan sa'o'i, don haka ki lura da barcinsa a daren.

Kada ki juya yaro da hannunki, ko da yana roƙo. Wanda ba ya jin jiri shi ne wanda aka fi zarce wa kima. Wanda kuma ke tsoron ƙafarsa ta bar ƙasa, kada a ɗaga shi sama don ya saba. Fara da zama a cinyarki kuna rangaji, sannan hawa matashi, sannan matakala ɗaya.

In babu wurin rataya taya, manya biyu su riƙe bakin bargo, yaro a ciki, a kaɗa dab da katifa. Langa, 'yar gala-gala da mirgina a tabarma ma suna ciyar da ma'aunin kunne.

Mataki na 9: Taɓawa

Tsarin shi ne daga busasshe zuwa jiƙaƙƙe, daga nesa zuwa kusa. Ɓoye murfin kwalba a cikin gero, ya tono da cokali, gobe da yatsa, jibi da hannu duka. Sai rairayi, sai kwaɓi mai tauri, daga ƙarshe abu mai danƙo irin koko. Ajiye ruwa da tsumma kusa, sanin cewa zai iya wanke hannu yana ƙara masa ƙarfin hali. Kada ki kama hannunsa ki tsoma, abin da kuka gina a mako biyu zai rushe a take. Shafa mai sauƙi da cakulkuli sun fi damun irin waɗannan yara fiye da riƙo mai ƙarfi, kuma ki zo masa ta gaba inda yake ganinki. Mai kai komai baki ko hanci kada a bar shi da ƙwaya shi kaɗai.

Abubuwa biyu da za ki gani a intanet ina so ki yi nesa da su. Goga jiki da burushi na tsarin Wilbarger yana buƙatar burushi na musamman, horo, da maimaitawa kusan duk sa'a biyu, hujjar amfaninsa kuma ba ta da ƙarfi. Sai bargo mai nauyi. A 2008 wani yaro ɗan shekara 9 mai otizim ya rasu a Kwibek ta Kanada bayan an naɗe shi cikin irin wannan bargo a makaranta. Wani gwaji da aka wallafa a 2014 daga Ingila kuma bai ga ya ƙara wa yara masu otizim barci ba. A zafin ƙasarmu ban ga dalilin ɗaukar wannan kasada ba.

Mataki na 10: Jera su cikin yini

Liƙa kowane aiki a jikin abin da gidan ya riga ya saba, don kada a manta. Misali ga mai neman motsi: bayan sallar asuba ya ɗebo ruwan wankansa, a tsane shi da tawul da ɗan matsi. Ya tafi makaranta a ƙasa in kusa ce, jaka a baya. In an dawo, minti ashirin a kwali ko inuwa ba tambaya ba aike. Kafin Islamiyya, lilo kaɗan sai tura baro. Bayan magariba babu tsalle babu waya, sai matsi da hira a hankali. Ga mai shekara bakwai zuwa sama, fara tambayarsa "injinka yana gudu ne ko ya yi sanyi?" ki bar shi ya zaɓi ɗaya cikin abu biyu.

Sabon abu ɗaya kawai za ki ƙara a kowane kwana uku ko huɗu. In kika zuba biyar rana ɗaya, ba za ki san wanne ya yi aiki ba, wanne ya ɓata.

Mataki na 11: Auna, ki yanke hukunci

Wajibi ne in faɗa miki inda bincike ya tsaya. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce hujjar da ake da ita a kan wannan jinya taƙaitacciya ce, ta shawarci a gwada na ƙayyadadden lokaci ana aunawa. A 2014 Roseann Schaaf da abokan aikinta a Filadelfiya sun wallafa gwajin yara 32 masu otizim, inda waɗanda suka yi zama 30 na hanyar Ayres cikin mako goma suka fi sauran cimma burin da iyayensu suka sa. Amma wani gwaji mafi girma da Jami'ar Kadif ta jagoranta a Birtaniya, mai yara 138, wanda ya fito a 2022, bai ga jinyar ta fi kulawar da aka saba ba wajen rage matsalolin ɗabi'a. Abin da na ɗauka daga nan shi ne a ɗaure aikin da buri ƙarami bayyananne, kuma kada a sayar da gona saboda alƙawarin warkewa. Wannan aiki ba ya warkar da otizim, ba ya kuma maye gurbin koyar da magana ko makaranta.

Kowace Juma'a ki rubuta lamba ɗaya: minti nawa ya zauna, kitso nawa aka yi, sau nawa ya tashi. Bayan mako takwas zuwa goma ki kwatanta da makon farko. Idan lambar ta motsa, riƙe abin da ke aiki ki ɗauko buri na gaba. Idan ba ta motsa ba, dakatar, ki koma wa ƙwararre da littafin a hannu, ku sake duba ko tsarin yaron aka karanta ba daidai ba, ko kuwa matsalar tsoro ce, ciwo, ko rashin hanyar faɗin abin da yake so. Idan kuma barci ya lalace, ko ya fara cutar da kansa, ko ya daina abin da ya iya a da, kada ki jira mako takwas, ki kai shi asibiti a makon.